DAGA JAKAR WASIƘUNKU: Farantin da ke bisa salansar mota, ado ne ko yana da aiki?

A wannan mako mun ɗauko saƙon wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Giwa, wanda yake bin kasuwannin ƙauye da tsohuwar a-kori-kurarsa ƙirar Peugeot 504. Ga abin da ya ce:

"Ɗana ya nuna mini a waya wani Bature yana gyaran tsohuwar motar tsere. Ya kwana biyu yana fama da wani farantin ƙarfe da ke bisa salansa, ya cire shi a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai, ya wanke, ya mayar. Ni kuwa da nawa ya dame ni da ƙara, bakanike fizge shi ya yi ya yar, ya ce ba ya da wani amfani. To, wane ne mai gaskiya tsakaninsu? Kuma me ya sa Turawa suke ɓata kuɗi a kan motar da ta riga ta mutu?"

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya. Amsa a taƙaice ita ce, Baturen nan ya fi bakanikenka gaskiya. Amma bari mu bi abin daki-daki, domin akwai dukiya a ciki, akwai kuma rai.

MASU RAYA TSOFAFFIN MOTOCI

Da farko dai, abin da ka gani sana'a ce babba, kuma abin sha'awa ne a Ingila da Jamus da Amurka. Mutum zai sayi motar da ta shekara 40 ko 50, ya kwance ta kaf har sai ya rage ƙwarangwal, ya yanke inda ya ruɓe, ya sa sabon ƙarfe, sa'an nan ya mayar da komai kamar ranar da ta fito daga kamfani. Wani don tunawa da ƙuruciya yake yi, wani don kasuwa, saboda irin waɗannan motoci an daina ƙera su, kullum raguwa suke yi, abin da ya yi ƙaranci kuwa kai ɗan kasuwa ka san yadda farashinsa yake. A Ingila ma motar da ta wuce shekara 40 ana iya yafe mata harajin hanya, kuma tun 2018 aka ɗauke wa akasarinsu tilascin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara.

Kada ka ɗauka motarka ba ta cikin dangin. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Tana da 'yar'uwa mai ƙofa biyu wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, ita ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1978, bayan mai ƙofa huɗu ta ci a 1975. A shekarar 1975 ɗin ne kuma aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Mai ƙofa biyun nan yau masu raya tsofaffin motoci nemanta suke yi ido rufe.

Amma motar da za mu yi misali da ita, domin a kanta ne maganar farantin nan ta fi fitowa fili, ita ce Porsche 914. Kamfanonin Porsche da Volkswagen na Jamus ne suka haɗa hannu suka ƙera ta daga 1969 zuwa 1976. Mutum biyu kawai take ɗauka. Injinta yana tsakiya, a bayan kujeru, kuma iska ce take sanyaya shi, ba ruwa ba, kamar dai na Boswaja mai kama da kunkuru da muka sani. Tana da but biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Salansarta kuwa a gicciye take a ƙarƙashin but ɗin baya. Watau duk kayan da matafiyi ya zuba a nan, a bisa murhu ya ɗora su. Abin da ya raba kayan da murhun shi ne wannan faranti.

INA ZAFIN YAKE FITOWA?

Injin mota wuta yake ci. Fetur yana ƙonewa a cikinsa, kaɗan daga ƙarfin wutar ne yake juya taya, saura kuwa zafi ne da dole a fitar da shi, kuma kaso mai yawa ta bututun hayaƙi yake fita. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Hayaƙin da yake barin inji lokacin da mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu yakan kai digiri 700 har ya wuce. Kafin ya iso salansar baya ya ɗan huce, amma duk da haka jikinta yakan ninka zafin tafasasshen ruwa sau biyu, wani lokaci fiye.

Zafi kuwa hanya uku yake bi. Akwai wanda yake bin jikin ƙarfe, kamar yadda ludayin ƙarfe yake ɗaukar zafi in an bar shi cikin miya. Akwai wanda iska take ɗauka ta yi sama da shi. Akwai kuma na uku, wanda yake dukan mutum daga nesa ba tare da ya taɓa komai ba, irin wanda kake ji a fuska idan ka tsaya gaban maƙera. Wannan na ukun shi ne babban abin da farantin yake tarewa.

Duk wanda ya kwana a ɗakin kwano marar silin a watan bazara ya san wannan karatu. Kwano ya ɗauki rana, ya riƙa sako ta a kan mai ɗaki. Da an sa silin, aka bar fili tsakaninsa da kwanon, sai ɗaki ya yi dama. To farantin salansa silin ne. Siriri ne, da alminiyam ake yin wasu, wasu da ƙarfe, kuma ba ya manne da salansa, ba ya manne da cikin mota. An bar fili sama da ƙasa domin iska ta ratsa ta kwashe zafin idan mota tana tafiya. Hasken jikinsa kuma yana mayar da zafin ƙasa kamar yadda madubi yake mayar da hasken rana. Saboda haka ƙarfinsa ba a kauri yake ba, a filin nan yake. Wanda ya matse shi ya manne da salansa ya kashe rabin aikinsa.

ABIN DA YAKE KAREWA

Na ɗaya, tankin mai da bututunsa. Fetur ba ya jiran zafi mai yawa. Tun zafi bai kai digiri 50 ba wani ɓangare nasa ya fara zama tururi. Idan ya tafasa a cikin bututu ko kabureta, sai mota ta riƙa shaƙewa, ko ta mutu a tsakiyar rana ta ƙi tashi sai ta huce, a yi ta canza fulogi a banza. A motocin baya-bayan nan kuma tankin da yawa na roba ne, zafi yana iya lanƙwasa shi.

Na biyu, man birki. Sabon man birki irin wanda aka rubuta wa DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, amma idan ya tsufa ya sha danshi yakan sauko wajen digiri 140. Inda bututun birki ya bi kusa da na hayaƙi babu kariya, man yana iya yin kumfa, direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Allah ya kiyaye.

Na uku, wayoyin lantarki da robobi da kafet da fenti. Waɗannan ba rana ɗaya suke lalacewa ba. A hankali suke bushewa suna tsagewa, sai ran da wayoyi biyu suka haɗu.

Na huɗu, kayan da aka ɗauko. A 914 jakar matafiyi ce. A motarka kuwa Alhaji, buhunan hatsi ne, ko auduga, ko harawa, ko jarkar fetur da aka ajiye saboda hanya.

TO ME YA SA MAI GYARA YAKE CIRE SHI?

Saboda tsatsa. A ƙasashen sanyi ana watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara domin ta narke. Ruwan gishirin nan da laka suna maƙalewa tsakanin farantin da ƙasan but, inda hannu ba ya kaiwa, ga kuma zafi yana dafa su kullum. Shekara 50 ana haka, sai a tarar ƙasan but ya zama kamar rariya. Ba yadda za a yi a ga ɓarnar, balle a gyara, sai an ɗauke farantin. Ke nan cirewar da ka gani ta gyara ce, ba ta zubarwa ba.

Ga yadda masu aikin suke bi, kuma duk wanda zai shiga ƙarƙashin mota a ko'ina ya kamata ya kiyaye wannan tsari.

Sai mota ta huce sarai, a ba ta sa'o'i. A cire kan batir. A tsayar da ita a daɓe mai ƙarfi, a sa wa tayoyi waigi. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. A tokare ta da ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka, ko gungumen katako mai kauri, ko a yi aikin a bisa rami. Bulon siminti kuwa ba abin dogaro ba ne, yakan fashe ba sallama.

Kafin a taɓa komai sukan ɗauki hoto, su ware notin kowane wuri a gwangwaninsa, domin aikin yakan ɗauki watanni, mantuwa kuma ba ta da wuya. Sa'an nan a sauke salansar kanta, tunda ita ce ta tare hanya.

Daga nan hanya ta rabu biyu, domin a wasu motocin da noti aka ɗaure farantin, a wasu kuwa walda aka yi masa ɗigo-ɗigo.

Idan noti ne, to nan haƙuri yake aiki. Notin da ya shekara 50 yana shan zafi da ruwa ya riga ya zama ɗaya da kusarsa. Sai a goge shi da burushin waya, a fesa masa man kwance tsatsa, a bar shi ya kwana, gobe a ƙara. A sa sifana wadda ta kama shi daidai, kada ta gwigwiye masa kai. A ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan tukuna domin tsatsar ta karye, kana a riƙa kwancewa ana mayarwa, ana kwancewa ana mayarwa, har ya saki. Wanda ya sa ƙarfi gaba ɗaya kusar ce za ta karye, kuma da yake a jikin motar take, aikin minti goma ya koma na yini guda. Wuta tana kwance noti, gaskiya ne, amma ba a kusantar tankin mai ko bututunsa da ita ko kaɗan.

Idan kuwa walda ce, sai a kankare wurin har ɗigon waldar ya bayyana kamar ɗan gurbi. A buga masa alama a tsakiya, a kawo wani bakin abin huji na musamman mai faɗin kamar milimita 8, wanda yake cinye ƙarfen sama kawai ya bar na ƙasa. Jikin mota kaurinsa bai fi kamar milimita ɗaya ba, saboda haka ɗan sakaci kaɗan an huda ƙasan but. Bayan an bi ɗigon duka sai a zura siririyar kurfi a raba su a hankali. Ba a fizga, domin fizga tana yage ƙarfen da ake son ceto. Wannan shi ne ɗaukar ƙwan da ka gani.

Bayan an cire, a yanke ruɓaɓɓen wuri, a yi waldar sabon ƙarfe, amma sai an kwashe kafet da duk abin da zai kama wuta daga ciki. A shafa maganin tsatsa, a yi fenti, sa'an nan a mayar da farantin, tsohon in yana da rai, ko sabo irinsa. Wasu sukan mayar da shi da noti maimakon walda domin gaba a samu sauƙin dubawa. Amma mai neman motar ta yi daraja wurin masana yakan mayar da shi yadda kamfani ya yi.

HATTARA DA FARIN ABIN NAN

Akwai wani haɗari da ba a gani da ido. A motocin da aka ƙera kafin shekarun 1980, sau da yawa akan liƙa wa irin wannan faranti wani abu fari-fari ko toka-toka mai kama da kwali, watau asbestos, domin ba ya cin wuta. Misali motar MGB ta Ingila, wadda aka ƙera fiye da 500,000 a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980. Kaburetocinta biyu suna zaune ne daf da bututun hayaƙi a gefe ɗaya na inji, kuma farantin da ya raba su yana ɗauke da wannan abu.

Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma idan ya tsufa yana marmashewa, aka kankare shi ko aka hure shi da iska, ƙurarsa tana shiga huhu ta zauna, ba ta fita. Bayan shekara 20 zuwa 50 tana iya jawo ciwon huhu mai tsanani da ciwon daji. Saboda haka Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999. Masu gyara a can sukan jiƙa shi da ruwa, su rufe hanci da abin rufewa na musamman, su cire shi ɗungurungum ba tare da karyawa ba, su ƙulle a leda biyu. Wannan gargaɗi ya shafi bakanikenmu ma, domin tsofaffin takalman birki da faifan kuloci da yawa da shi aka yi su. Yaron gareji da yake hure ƙurar birki da baki, a hana shi. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

MU DAWO KAN A-KORI-KURARKA

Alhaji, ƙarar da ta dame ka gaskiya ce, kuma sananniya ce. Dalilinta shi ne, inda noti ya riƙe farantin nan ne yake fara cinyewa, musamman in farantin alminiyam ne notin kuwa ƙarfe, domin waɗannan biyu in danshi ya shiga tsakaninsu ɗaya yana cin ɗaya. Ramin sai ya yi faɗi, notin ya zarce, faranti ya riƙa kaɗawa kamar gwangwani. Maganinsa bai kai kuɗin kwanon masara ba. A sa washa mai faɗi wadda ta fi ramin, ko a yanko ɗan ƙarfe a huda shi, a ɗaure. In kuwa irin wanda yake rungume da bututu ne, a ɗaure shi da maɗaurin ƙarfe. Ba a ɗaure shi da roba ko igiya.

Tunda naka an riga an yar, ka nemi na wata motar irin taka wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci. In ba a samu ba, mai walda zai iya yanko maka fallen alminiyam ko na ƙarfe ya lanƙwasa shi. Sharaɗi dai a bar fili, aƙalla yatsa ya shiga tsakaninsa da salansa, a bar wani filin kuma ta sama. Kada a cusa kwali ko soso ko tsumma a ciki da sunan hana ƙara, wannan ajiye wa wuta abinci ne.

Sa'an nan tunda za a shiga ƙarƙashin, a duba salansar da bututunta ko sun huje. Hayaƙin mota yana ɗauke da wata iska mai guba marar wari marar launi, irin wadda take kashe masu kwana da janareta a cikin ɗaki. Idan bututu ya huje, ƙasan mota ma ya huje, to cikin mota take shiga. Direban da yake yawan jin ciwon kai da jiri da barci a kan hanya, kada ya ce gajiya ce kawai, a duba.

GA MANOMA MUSAMMAN

Wannan magana ta fi nauyi daga kaka zuwa bazara, lokacin da komai ya bushe. Motocin da aka ƙera daga baya suna da wata tukunya a jikin bututun hayaƙi mai tace guba, wadda bakanike suke kira indomi. A Amurka aka fara sa ta gadan-gadan a 1975. Ita sai ta yi zafi take aiki, cikinta yakan kai digiri 400 zuwa 800, in fulogi yana fashi kuma ɗanyen fetur ya isa gare ta, har ja take yi. Busasshiyar ciyawa kuwa in ta jima tana taɓa ƙarfen da ya kai wajen digiri 300 tana iya kamawa. Shi ya sa ake sa mata faranti sama da ƙasa.

Saboda haka mai motar da ya shiga gona ɗaukar amfani, kada ya tsaya a kan ƙaiƙayi ko tattaka ko doguwar ciyawa. Ya nemi fili mai ƙasa tsura. Kada ya bar inji yana aiki a masussuka alhali ana lodi. In ya ratsa ciyawa, bayan mota ta huce ya leƙa ya zare wadda ta maƙale tsakanin faranti da salansa, domin nan ne wuta take fara ci a ɓoye, sai an hau titi iska ta hura ta. Gumin shekara guda yana iya tafiya cikin minti kaɗan, har da na maƙwabta.

Masu babur ma abin ya shafe su. Ɗan farantin da yake gefen salansar babur shi ne yake tsakanin ƙarfe mai zafi da ƙafar wanda aka goya, kuma mata da yara su suka fi shan wannan ƙuna. In ya kwance a ɗaure shi, noti biyu ne ko uku.

Game da bakanikenka kuwa, ba mu ce a yi faɗa ba. Mota ba ta tsayawa ran da aka cire farantin, shi ya sa da yawa suke ganin ba ya da aiki. Amma kamfanin da yake ƙera motoci dubbai yana lissafin kowane noti, ba zai sa ƙarfen da ba ya da dalili ba. Ka koma wurinsa da lalama, ka ce a mayar maka kafin lodin kasuwa mai zuwa.

Da fatan Alhaji ka gamsu. Sauran waɗanda suka aiko da tambayoyi a kan takin zamani da ajiyar wake, ku ƙara haƙuri, saƙonninku suna hannu, za mu zo kansu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a noma da kasuwa. Wassalam.